Ƙara Daban, Amo Daban

Bahaushe bai yi rowar kalmomi ba a kan abin da kunne yake ji. Yana da ƙara, yana da amo, kuma bai taɓa ɗaukarsu abu guda ba. Injin niƙa ƙara yake yi, haka babur ɗin da salansarsa ta fashe, haka kwanon rufi idan ƙanƙara ta sauka a kansa. Tambarin sarki kuwa amo gare shi, kuma idan aka yabi muryar mai karatu ko ta mawaƙi, amonta ake yabo. Ƙara tana cika kunne ta wuce, amo kuwa yakan shiga ya zauna, har mutum ya kwana ya tashi yana jin sauransa a ƙirji. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na lura a garuruwanmu na arewacin Zazzau, wato Ikara da Maƙarfi da Kudan, mun shiga wani zamani da muke fitar da kuɗi mu sayo ƙara, mu kawo ta gida da sunan amo. Zan bi da maganar ta kan wani abin kiɗa da ba a ƙasarmu aka haife shi ba, wato jita, da akwatin da yake ba ta murya, wanda masu gyara suke kira amfilifaya, domin a wurinsu na koyi bambancin.

Mahaifina manomin rake ne a wajen Hunƙuyi, kuma kamar yawancin yaran yankin, na san hanyar kasuwar Maƙarfi tun ina ƙarami, a bayan motar da ta ɗauko damman rake da curin mazarƙwaila. Amma hutun makaranta a Ikara nake yinsa, a shagon kawuna mai gyaran rediyo. Shago ne ɗan ƙarami, tebur ɗaya da benci ɗaya, tsofaffin rediyoyi jibge har rufi, ga warin dalma da ba ya barin tufa. Aikina shi ne riƙe tocila da hure ƙura da miƙo abin da aka ce in miƙo. A lokacin rediyo ta fara ja da baya a shagon, amfilifaya ta karɓi wurinta. Kwamitin masallaci sukan kawo tasu idan muryar ladan ta fara shaƙewa. Mai tallan maganin gargajiya yakan kawo tasa, ƙahon lasifika ɗaure a kan mota. 'Yan siyasa sukan zo gab da zaɓe, kullum cikin gaggawa. Samarin majami'un Hausawa Kirista da ke ƙauyukan Ikara sukan zo rataye da jita, kuma a hannunsu na fara ganinta ido da ido. Makaɗan kukuma da na garaya su ma sukan leƙo, suna neman abin da zai kai kiɗansu ƙarshen fili.

Kawu ba ya kwance ko kusa ɗaya sai ya yi tambaya. "Me take ɗauka, magana ko kiɗa? Idan kiɗa ne, na fata ne ko na tsirkiya?" Wasu sukan ƙosa, su ce ai su dai ta yi ƙarfi. Shi kuwa yakan ce akwatin da ya dace da ladan ba zai dace da tsirkiya ba, domin kowace murya da ɗakin da take sakewa a ciki. Sai da na girma na gane cewa wannan tambayar ita ce makaɗan jita na duniya suka shafe shekaru da dama suna yi wa junansu.

Dalili kuwa shi ne jitar lantarki ita kaɗai kusan bebiya ce. Yawancinsu gangar jikinsu katako ne curi guda, babu kogon da zai riƙe sauti, kuma idan ka kaɗa ta ba a haɗa ta da komai ba, wanda yake bakin ƙofa ma da ƙyar zai ji. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta shida na ƙarfe akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Idan tsirkiya ta yi rawa a saman maganaɗisun, sai ta haifar da wata 'yar wutar lantarki mai rauni a cikin wayar, wadda take hawa da sauka daidai da rawar tsirkiyar. Wannan 'yar wutar amfilifaya take karɓa, ta raine ta mataki-mataki har ta yi ƙarfin da za ta tura takardar lasifika gaba da baya, takarda ta tura iska, iska ta iso kunne. Tun farkon shekarun 1930, lokacin da George Beauchamp da kamfanin Rickenbacker suka shigar da jitar lantarki kasuwa a Amurka, wannan tsari bai sauya ba.

Wanda ya san goge ya riga ya san wannan. Izgar doki ita kaɗai ba ta da murya. Sai an ɗora ta a kan jaki, wato ɗan itacen da yake tokare ta, jaki ya miƙa rawarta ga fatar guza, fata ta miƙa wa ƙwarya, sannan a ji abin da zai ta da tsikar jiki. Amfilifaya ita ce ƙwaryar jita, sai dai an raba ta da jiki an ajiye a gefe. Shi ya sa makaɗan jita suke zaɓenta kamar yadda mai haɗa goge yake zaɓen ƙwarya a kasuwa, ya duba kaurinta, ya ƙwanƙwasa, ya kara a kunne, ya ajiye goma kafin ya ɗauki ɗaya.

Me yake saurare idan ya ƙwanƙwasa? Tsirkiya ta biyar a jita, idan an ɗaure ta yadda aka saba, tana kai da kawowa sau 110 a daƙiƙa guda. Amma a daidai wannan lokacin kowane rabinta yana tasa rawar sau 220, kowane sulusinta sau 330, kowane rubu'inta sau 440, haka har sama. Uwar murya ɗaya ce, 'ya'yanta da yawa. Da uwar kunne yake sanin kaifin murya ko kaurinta, amma 'ya'yan ne suke gaya masa wanda yake magana. Da su kake rarrabe gurmi da kuntigi ko da an sa su a murya ɗaya, da su kuma kake tsinto muryar mahaifiyarka a cikin hayaniyar kasuwa. Kowace amfilifaya tana da 'ya'yan da take fifitawa da waɗanda take dannewa, wani lokaci ma ta haifo nata ta ƙara a kai. Wannan zaɓi shi ne halinta, kuma a kansa makaɗa suke rabuwa gida-gida.

Gidan da ya fi jama'a shi ne na Fender, kuma labarinsa yakan faranta wa kawuna rai, domin Leo Fender mai gyaran rediyo ne kamarsa. A 1938 ya buɗe shagon gyara a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, makaɗa suka riƙa kawo masa kayansu, daga nan ya kafa kamfaninsa a 1946. Shi kansa bai iya kaɗa jita ba. Sauraren makaɗa yake yi, ya haɗa, ya ba su su je su gwada a wurin rawa, su dawo su faɗa masa abin da ya rage. A 1952 ya fito da Bassman domin babbar jita mai kaurin murya, sai ga masu ƙaramar jita sun ƙwace ta, musamman samfurin ƙarshen shekarun 1950 mai lasifika huɗu masu faɗin inci goma-goma. A 1963 Twin Reverb ta biyo baya, mai sauti garau kamar ruwan rijiyar da aka bari ya kwanta, wadda ake iya ɗagawa sosai ba ta shaƙe ba.

A Landan kuwa, Jim Marshall makaɗin ganga ne mai shagon kayan kiɗa a unguwar Hanwell. Kayan Amurka suna tsada a Ingila a lokacin, samari kuma suna neman abin da ya fi ƙarfi. A 1962 shi da ma'aikatansa suka kwaikwayi tsarin Bassman, amma da kayan da hannunsu ya kai gare su, suka kuma zuba lasifika huɗu masu inci goma sha biyu a cikin akwati rufaffe. Abin da ya fito, wato JTM45, bai ɗauko muryar uwarsa ba, ya fi ta kaushi da gurnani, kuma da zuriyarsa Jimi Hendrix ya girgiza duniya. Gida na uku shi ne Vox AC30, wadda ta fito daga garin Dartford na Ingila a 1959, mai wat 30 kacal da murya kamar ƙararrawa, wadda Beatles suka tashi da ita, Brian May na ƙungiyar Queen kuma ya riƙe ta tsawon rayuwarsa ta kiɗa. Na huɗu shi ne JC-120, da kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1975. A cikin waɗannan labarai wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Marshall, saboda rashin kayan asali ne ya ba ta muryar da ta yi suna da ita. Mutanen sun yi aiki da abin da garinsu yake da shi, suka kuma saurari samarin garinsu.

Ukun farko da bawul suke aiki, wato 'yan kwalaben nan masu jan haske a ciki da dattawa suka sani a tsofaffin rediyoyi. Bawul sai ya ɗauki ɗumi kafin ya yi magana, kamar fatar ganga da ake kai wa bakin wuta da safiyar damina. Idan aka matsa masa fiye da ƙarfinsa ba ya karyewa farat ɗaya, a hankali yake sunkuyawa, yana ƙara wa sauti kauri da zaƙi. JC-120 kuwa da tiransisto take aiki. Shi yana riƙe sauti garau har iyakarsa, kuma saboda wannan tsabtar masoyansa suke sonsa, amma da an ƙetare iyakar sai ya datse kan muryar kamar an sa almakashi, abin da ya fito ya zama tsiwa mai cizon kunne. Mai karatu ya riƙe wannan, domin kusan duk kayan sautin da ake haya a bukukuwanmu na tiransisto ne.

Kada a ɗauka cewa amo shi ne tsabta. Injiniyoyin farko haka suka ɗauka, duk wani kaushi aibi ne a wurinsu, makaɗa ne suka ƙi yarda. Ana ba da labarin cewa a 1951 amfilifayar Willie Kizart ta lalace a kan hanyar zuwa birnin Memphis, aka cusa mata takarda, aka ɗauki waƙar Rocket 88 da ita haka nan, kuma zizar da ta fito ita jama'a suka so. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar Kinks ya sa reza ya tsaga takardar wata 'yar lasifika da gangan, yana neman irin wannan kaushin. A nahiyarmu ma, Mingiedi Mawangu, wanda ya kafa ƙungiyar Konono Nº1 ta Kinshasa a shekarun 1960, ya haɗa wa abin kiɗansu na likembe na'urar ɗaukar sauti da maganaɗisun tsofaffin motoci, ya tura sautin ta cikin ƙahonin lasifika, kuma da faifansu na Congotronics ya fito a 2004, wannan gurnanin ne ya ja hankalin Turawa. Kunnen Bahaushe bai jira kowa ya koya masa wannan ba. Makaɗin garaya yakan maƙala ɗan ƙarfe mai zobba a ƙarshen sandar garayarsa domin kowane bugu ya zo da ziza, 'yan amshinsa kuma suna kaɗa buta mai tsakuwa a ciki. Algaita da babu kaushi a muryarta ba wanda zai kai ta ƙofar fada.

To, idan kaushi ba aibi ba ne, tsabta kuma ba ita ce ma'auni ba, da me ake raba amo da ƙara? Amsar da na riƙe daga bakin wani Ba'abzine na same ta. A cikin maƙwabtanmu, Abzinawa ne suka fi mayar da jita tasu. Ƙungiyar Tinariwen ta Mali ta ci kyautar Grammy a 2012 da faifanta Tassili, Bombino ya kai sunan Agadas manyan dandalin duniya, Mdou Moctar kuwa, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko mai suna Anar a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga wayar hannu zuwa wayar hannu. A fili suke kiɗan bikinsu, a kan yashi, da janareta ko batir, don haka akwatunan tiransisto masu jure wahala, irin na Roland manya da ƙanana, suka sami karɓuwa a wurin da yawa daga cikinsu.

Wani ɗan cin rani daga cikinsu, wanda yake gadin wani ɗakin ajiyar hatsi a Maƙarfi, ya taɓa zuwa shagon Kawu da jita a kafaɗa da wata 'yar amfilifaya mai batir naɗe a tsohon rawani. Maɓallin ɗaga sauti ne ya sha ƙura yana ƙarce. Kawu ya buɗe ya goge ya mayar, sannan ya jawo wata lasifika daga ƙarƙashin tebur ya ce, "Malam, ga babba nan. In na sa maka ita, za a ji ka har tasha."

Baƙon ya yi murmushi ya ce, "A'a, Maigida, bar mini ita yadda take. Wannan tana jin hannuna."

Ya zauna a bakin benci, ya ajiye maɓallin a tsakiya, bai sake taɓa shi ba. Ya shafi tsirkiya da tsokar yatsa, sai sauti ya fito siriri, garau, kamar mai raɗa. Ya ɗan ƙara nauyin hannu, murya ta cika ta yi kauri. Ya fizga da farce, akwatin ya yi gurnani har gwangwanin kusoshi ya amsa a kan tebur, kafin ka ce kwabo ya koma raɗa. Babban yatsansa yana riƙe da tsirkiyar kauri tana tafiya kamar taƙamar raƙumi, sauran yatsun suna zance a sama. Masu wucewa suka tsaya, mai shayi na maƙwabta ya bar tukunya a wuta. Da ya tafi Kawu ya dube ni ya ce, "Ka ji abin da ya faɗa? Jin hannu. Ko doki ba gudunsa ake fara tambaya ba, jin linzami ake tambaya."

Tun daga ranar nake auna kowane akwati da wannan ma'auni. Tsakanin raɗa da tsawa akwai fili, kuma a cikin wannan filin makaɗi yake faɗin abin da yake ransa. Amfilifaya ta gari tana barin filin a buɗe, ta bi hannu duk inda ya nufa, ko ta bawul ce ko ta tiransisto, ko ta Kalifoniya ce ko ta Sabon Garin Zariya. Idan aka murɗa ta har ƙarshe, filin yakan rufe, shafa da fizga su fito da nauyi ɗaya, hannun gwani da na ɗan koyo su zama daidai. Abin da ya rage bayan nan shi ne ƙara.

Na ga ranar da filin ya rufe, shekaru bayan haka, a wani biki a ƙauyen da ke tsakanin Kudan da Likoro. Kakar amarya ce ta nace sai an gayyato wani dattijo makaɗin kukuma, wanda ya yi mata kiɗa a nata bikin. An yi hayar kayan sauti, lasifiku jere kamar buhunan masara, janareta yana ruri a gindinsu. Yaron da yake kula da kayan ya kara makirfo a jikin kukuma, duk maɓallansa suna ƙarshe. Da dattijon ya ja izga, sai wani kuka ya tashi da ya sa jarirai suka firgita. Ya ɗaga kai ya ce, "Ɗana, rage mini."

Yaron ya ce, "Baba, in na rage, mutanen baya ba za su ji ba."

Ya daure ya ci gaba. Amma jan hankali da jan ƙarfi duk ɗaya suke fitowa, baitinsa ya nutse, tsofaffin matan da suka san amshi suka kasa gane inda za su shiga. Ya yi waƙa biyu ya mayar da kukumarsa cikin jaka, yaron ya soka katin waƙoƙi, samari suka cika fili. Ba wanda ya ci mutuncin dattijon, an sallame shi da kyau. Sai dai na ji wasu suna cewa kiɗan kukuma ya tsufa, alhali a daren nan ba wanda ya ji kukuma ko sau ɗaya.

Hasarar ta fi ta dare ɗaya. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, kuma kukuma tana bin wannan hawa da saukar har ta zama abokiyar zancen mawaƙi. Wanda ya saurari Hassan Wayam a Zariya ko Garba Supa a Kano ya san yadda mawaƙi yake ajiye magana izga ta ɗauka ta ƙarasa. Wannan zance a cikin laushi yake, kuma laushi ne abin da ƙara take fara cinyewa. Yaron da ya tashi bai taɓa jin kukuma sai a shaƙe ba, da wuya ya nemi koyonta, kuma kowane makaɗin da aka daina gayyata yana tafiya da waƙoƙin da ba a rubuta ba.

Ban ɗora wa yaron mai kayan sauti laifi ba. Da nisan da kiɗa ya kai ake auna aikinsa, da shi kuma ake auna darajar mai biki, ga janareta a kusa da shi da dole ya rinjaya, ga abokin sana'a a ƙauyen gaba yana alfahari da yawan wat. Sai dai lissafin ba ya goyon bayan wannan tsere. Idan ka ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara, kuma kafin kunne ya ji sauti ya ninka sau biyu sai an ninka wat kusan sau goma. Wato akwatin wat 100 bai fi na wat 10 a kunne ba sai da kamar ninki biyu. Ana kashe kuɗi mai yawa a sayi ƙari kaɗan, kunne kuma ya biya sauran. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa fiye da matasa biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraren sauti mai ƙarfi, kuma a 2022 ta ba da shawarar kada matsakaicin sauti a wuraren taro ya wuce desibel 100. Ƙananan ƙwayoyin da suke cikin kunne, waɗanda suke karɓar sauti, idan sun mutu ba sa sake tsirowa. A bukukuwanmu kuwa yara ƙanana ne suke zama a bakin lasifika, kuma ƙugin da mutum yake kwana da shi a kunne bayan biki alama ce ta an yi ɓarna. Hausawa sun ce idan ganga ta cika zaƙi ta kusa fashewa, amma a nan kunnen mai sauraro ne yake fara fashewa.

Amo kuwa bai taɓa neman dukiya mai yawa ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da gwangwanin kifi da fata da tsirkiya ɗaya ya zagaya ƙasashe, kuma da an ji bugu biyu na kuntiginsa an san shi ne. Brian May, duk da Vox ɗinsa, ya ɗauki sassa da dama na waƙoƙin Queen da wata 'yar amfilifaya mai batir da abokin kiɗansa John Deacon ya haɗa da tarkacen da ya tsinta a juji a Landan.

Ni ma daga baya na koyi abin da ya sawwaƙa na jita lokacin da nake karatu a Zariya, kuma abokai sukan tambaye ni akwatin da na fi so. Ina sha'awar Fender mai bawul kamar yadda manomi yake sha'awar ingarman sarki, ya yaba ya koma ga jakinsa. Bawul gilashi ne, ba ya son girgizar babur a hanyar Tashar Yari, ba ya son wutar janareta mai hawa da sauka, idan ya mutu kuma sai an aika nesa. Ga ƙurar hunturu da take shiga kowane maɓalli, ga zafin bazara. Zaɓina shi ne ƙaramin akwatin tiransisto mai wat 20 ko 30 da lasifika ɗaya, wanda kowane mai gyara a Ikara zai iya buɗewa ya gane cikinsa. Ɗora shi nake yi a kan kujera domin sauti ya zo daidai kunne maimakon ya bi ƙasa. Nakan kai janareta bayan katanga da doguwar waya, tunda rabin ƙarar da ake yi a biki domin a rinjayi janareta ake yinta. Nakan fara da maɓallai a tsakiya, in rage kaurin ƙasa domin shi ne yake shanye ƙarfin akwati, sannan in bar wa hannu sauran aikin. Idan fili yana da girma, gara a kara makirfo a bakin ƙaramin akwatin, a rarraba lasifiku a kusurwoyi kowace tana magana a hankali, da a tara su wuri ɗaya suna tsawa. Sama da duka, makaɗi ne ya kamata ya ce a ɗaga ko a rage, domin shi ya san inda raɗarsa take.

Fender da Marshall masu shago ne da suka zauna suka saurari makaɗan garinsu. A Zariya, wadda take kusa da mu, akwai Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli, inda ake koyar da ilimin lantarki, kuma akwai 'ya'yan Ikara da Maƙarfi da Kudan a cikin ɗaliban. A ƙauyukanmu har yanzu akwai masu haɗa goge da kukuma da garaya, akwai masu gyara da suka san halin wutarmu da ƙurarmu. Ban ga abin da zai hana waɗannan su zauna a benci ɗaya su haɗa akwatin da aka yi domin izga da fata ba, wanda zai ɗaga kukuma ta kai ƙarshen fili da laushinta, ya bar wa garaya zizarta, ya kuma jure janareta. Dattijon nan mai kukuma yana nan da ransa, hannunsa ya ɗan fara rawa, amma yakan yi kiɗa a zaurensa bayan sallar isha'i idan an roƙe shi. Duk ɗalibin da yake da niyyar wannan aiki, kafin ya kunna ƙarfen liƙi, ya fara zuwa zauren ya zauna kusa da shi, ya ji yadda kukuma take idan babu komai tsakaninta da kunne, tun dattijon yana iya jan izga.